Yadda Na Samar wa Ƙaramar Bindiga Wuri Tsakanin Ƙirjina da Jakar Goyo

A watan Satumba na 2019, cikin abin da bai kai kwana goma ba, dabbar beyar da ake kira girizili ta raunata mafarauta huɗu a hare-hare uku a tsaunukan Gravelly, kudu maso yammacin jihar Montana ta Amurka. Mako guda kafin harin farko ni ma ina cikin waɗannan tsaunuka, na kwana uku a tanti tare da wani abokin aikina da ya girme ni da kusan shekara ashirin, wanda shi ne ya fara koya mini farautar elk da baka. Elk wata irin barewa ce da ta fi jaki girma nesa ba kusa ba, namijinta mai rassan ƙaho yakan wuce kilo 300, kuma ba a cika samunta a bakin hanya ba, sai mutum ya bar mota inda hanya ta ƙare, ya goya tantinsa da abincinsa da tukunyarsa, ya yi tafiyar kilomita takwas ko goma a ƙafa. Abin kare kai da nake da shi a wannan tafiya gwangwanin feshin barkono ne guda ɗaya, shi ma yana aljihun gefen jaka, inda hannuna ba ya kaiwa sai na sauke ta. Da labarin ya iso gari, maiɗakina ta ce mini, "Maigida, in har za ka koma dajin nan, to ka koma da shiri."

Ba banza ba ne mai farauta da baka ya fi sauran masu shiga daji haɗuwa da beyar gaba da gaba. Abin da hukumar kula da namun daji ke faɗa wa masu yawo a tsaunuka shi ne su yi tafiya a rukuni, su riƙa magana da ƙarfi, su guji kurmi mai duhu, su kuma guji fita da asuba ko da almuru. Maharbi kuwa duk akasin haka yake yi, domin sanɗa yake yi, iska tana busowa daga gabansa don kada warinsa ya riga shi isa, yana kwaikwayon kukan macen elk, a daidai lokacin da beyar ke cin duk abin da ya samu don tara kitse kafin ya shiga raminsa na hunturu. Tun 1975 dokar tarayya ta sa girizili cikin dabbobin da ake kāre su a jihohin da ke kudu da Kanada, yawansu a yankin gandun dajin Yellowstone ya ƙaru har ya kai wajen 1,000, suka bazu zuwa tsaunukan da da can ba a ganinsu. Doka ta yarda mutum ya harbe shi idan rai yake karewa, amma dole ne ya sanar da hukuma, kuma za a yi bincike.

Ban yanke shawarar sayen bindiga da sauri ba, domin a inda na taso ƙaramar bindiga ba kayan maharbi ba ce. Baffana maharbi ne, kayansa bindigar toka da kwari da baka da wuƙa, kuma Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta jera fistol da libarba cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Wanda ya san abin da bindiga ta yi wa ƙauyukan yankinmu a shekarun nan ba zai ɗauki maganarta da wasa ba, kuma duk abin da zan faɗa a nan ya shafi dokar Montana ne da dajin Montana kaɗai.

Na fara da karatu. Masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, sun yi nazarin arangamar mutane da beyar a Alaska. A bincikensu na 2008 sun gano cewa feshin barkono ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa, wato jinsin girizili, a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 cikin ɗari na masu ɗauke da shi sun fita ba rauni. A na 2012, wanda ya duba arangama 269 da aka riƙe bindiga a cikinsu, ƙaramar bindiga ta yi aiki a kashi 84, doguwa kuma a kashi 76. Abin da na fahimta shi ne feshi ne na farko, domin ba ya buƙatar saiti mai kyau kuma ba ya kashe abokin tafiya idan aka kuskure. Sai dai feshi yana da iyaka: yawanci ba ya wuce mita takwas ko tara, gwangwanin yakan ƙare cikin 'yan daƙiƙu, iska mai ƙarfi tana iya mayar da shi fuskar mai shi, kuma a cikin tanti da dare kusan ba shi da amfani. Saboda haka na tsaya a kan ɗaukar duka biyun.

A filin koyon harbi da ke wajen garin Bozeman abokina ya ba ni bindigogi biyu in gwada. Ta farko libarba ce mai harsashin .44 Magnum guda shida, wadda tsofaffin mafarautan yankin suka fi amincewa da ita. Ƙarfinta ba shi da musu, amma duk harbi sai ta ɗaga bakinta sama ta girgiza mini wuyan hannu, kafin in dawo da ita kan saiti daƙiƙa biyu sun wuce. Ta biyu Glock 20 ce mai harsashin milimita 10, tana ɗaukar 15, nauyinta da harsasai ya ɗan haura kilo ɗaya. Ba ta kai ta farko ƙarfi ba, amma da ita na iya sa harsashi uku a jere cikin faɗin faranti daga mita goma. Girizili yana gudun kusan kilomita 55 a awa, wato wajen mita 15 a daƙiƙa guda, don haka wadda hannuna zai iya sarrafawa ita na zaɓa, tare da harsasai masu taurin dalma da faffaɗan kai, waɗanda aka yi don su ratsa ƙashi da tsoka maimakon su buɗe a fata.

Sayenta bai ɗauki dogon lokaci ba. A bazarar 2021 na je kantin dillali mai lasisin tarayya da lasisin tuƙina na Montana da katin zamana na dindindin, na cike fom mai lamba 4473, wanda ke tambayar ko an taɓa ɗaure mutum kan babban laifi, ko yana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da matsayin zamansa a ƙasar, kuma yin ƙarya a kansa babban laifi ne. Dillalin ya aika bayanaina ga tsarin bincike na hukumar FBI, amsa ta zo cewa a dakata, washegari aka kira ni na je na karɓa. A wannan shekarar ce Montana ta yi dokar da ta ba wanda ya cancanci mallakar bindiga damar ɗaukarta a ɓoye a yawancin wurare ba tare da izini na musamman ba, abin da ke nufin ko rigar ruwa ta rufe ta ban saɓa doka ba. Na kuma tabbatar daga littafin ƙa'idojin farauta cewa a lokacin farautar baka ba a yarda a harbi elk da bindiga ba.

Na ɗauka na gama, ashe a nan aikin ya fara, domin jakar goyo ta mafarauci ba irin ta ɗan makaranta ba ce. Tana da firam a ciki da ɗamara mai kauri da faɗin tafin hannu wadda ke zagaye ƙugu, kuma ɗamarar ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin, kafaɗu suna daidaita shi ne kawai. Wurin da ɗamarar ke zama shi ne daidai wurin da ake rataye kuben bindiga a bel ɗin wando. A gwajin farko na sa kilo 20 na yashi a jaka na hau tudun da ke bayan unguwarmu, ban yi kilomita biyu ba kuben ya goge mini fatar ƙugu har ta yi ja, kuma da na yi ƙoƙarin zaro bindigar, wadda babu harsashi a cikinta, sai da na kwance ɗamarar tukuna.

Daga nan na koma ga abin da na ga mutane da yawa suna yi, wato ɗaura kuben a jikin ɗamarar jakar kanta. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin nauyin bindigar ya shige cikin na jaka, hannuna kuma yana sauka a kanta ba wahala. Na yi makonni ina ganin na samu mafita, har wata Asabar da muka je duba wuraren da elk ke shan ruwa kafin a buɗe farauta. Lokacin Azahar ya yi, na sauke jaka a gindin bishiya, na gangara rafi don yin alwala, nisan kamar mita arba'in. Ina tsugune a bakin ruwan na ga sawun beyar a cikin laka, faɗinsa ya fi tafin hannuna, alamar faratansa dogaye a gaba, gefen sawun bai ko fara bushewa ba. Na ɗaga kai na hangi jakata can sama, bindiga da feshi duka suna jikinta. Babu abin da ya fito daga kurmin, amma a kan hanyar komawa na lissafa lokutan da mafarauci ke sauke jakarsa: lokacin ɗibar ruwa, da kewayawa, da salla, da girki, da sanɗar ƙarshe idan elk ya matso, da kuma lokacin fiɗa, wanda shi ne mafi haɗari duka. A kowane ɗayansu, makamin da ke jikin jaka yana inda jakar take ne.

Kuben cinya na gwada na kwana biyu na ajiye, domin yana lilo a kowane taku, yana kama rassa, kuma a hawan dutse nauyin da ke ƙafa ya fi na baya gajiyarwa.

Abin da ya rage shi ne ƙirji. Kuben ƙirji yana da maɗaurai uku da ke haɗuwa a baya, ana sa shi kafin a goya jaka, don haka ko an sauke ta yana nan. Na zaɓi wanda aka ƙera da roba mai tauri daidai siffar bindigar, mai rufe kunama gaba ɗaya, saboda Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, kuben ne ke hana reshe ko igiyar riga shiga wurin kunamar. Kafin in amince da shi na sa bindigar babu harsashi, na kifa shi a kan katifa na girgiza da ƙarfi, na ɗan ƙara matse sukurorinsa har ta daina motsi amma tana fita da fizga ɗaya.

Sai dai ƙirjin maharbi ma wuri ne mai cunkoso. A nan ake rataye jakar madubin hangen nesa, a nan ɗan maɗaurin da ke haɗa hannayen jakar goyo yake gittawa, kuma ta gaban nan tsirkiyar baka take wucewa idan an ja ta. A ranar farko maɗaurin jakar ya hau kan mariƙin bindigar ya danne shi, sai na matsar da shi sama kusa da wuya. Da na sa madubin a saman kuben, tulin ya yi yawa har ba na ganin inda nake taka ƙafa a gangare, abin da ke da nasa haɗarin a kan duwatsu masu santsi. Na sauya zuwa ƙaramar jakar madubi, na ɗaga ta sama, na saukar da kuben ƙasa da ita zuwa saman ciki, mariƙin yana kallon hannun dama. Matsalar da ta fi ba ni wahala ita ce ta tsirkiya. Da hagu nake riƙe baka, da dama nake ja, kuma a cikakken ja tsirkiyar tana shafar gefen kuben, ta karkatar da kibiya ba tare da na ji ba, sai dai in ga ta sauka gefe a allon harbi. Na yi kusan mako uku ina matsar da kuben dama da faɗin yatsa ɗaya, ina harba kibiya shida, ina sake matsarwa, har abokina da ke tsaye a gefe ya tabbatar mini akwai tazarar yatsu biyu tsakanin tsirkiya da roba. Na ɗinke maɗauran a wurin da zare don kada su zame. Gwangwanin feshin kuma na ɗaura shi a gefen hagu na jakar madubin, inda kowane hannu zai iya kaiwa.

Akwai abin da kuben ƙirji ke jawowa wanda dole mutum ya sani: bakin bindigar yana kallon hagu da ɗan ƙasa, don haka a lokacin zarowa yana iya bi ta kan hannun hagun mai shi ko kan wanda ke tsaye a wannan gefen. Na ɗauki darasi na kwana biyu wurin wani malamin harbi, ya koya mini in janye hannun hagu sama, in juya ƙirji ga abin da nake fuskanta kafin in zaro, kuma yatsa ba ya shiga wurin kunama sai baki ya hau saiti. Shi ne kuma ya tuna mini cewa a daji hannun haguna yana riƙe da baka, saboda haka rabin atisayena na koma yinsa da hannu ɗaya. Kowane mako ina zuwa fili da jakar a bayana da nauyinta, wani lokaci da safar hannu, wani lokaci bayan na yi gudu ina haki. Daga daƙiƙa huɗu na sauko zuwa ƙasa da biyu kafin harbin farko, wanda duk da haka yana nufin beyar da ya taso daga mita 25 ya riga ya iso. Wannan lissafi ne ya sa ban taɓa ɗaukar bindigar a matsayin izinin shiga kurmin da da ba zan shiga ba. Batun sa harsashi a baki kuwa na daɗe ina jinkiri a kansa, ban fara ba sai da na yi wata biyu ina yawo da ita ba tare da kunamar ta taɓa motsawa a cikin kube ba.

Da salla ma sai da na tsara. Ina sauke jaka in bar kuben a jikina, in zaɓi wurin da tanti da abokina ba sa gefen haguna, domin a ruku'u da sujada bakin yana nan yana kallon wannan ɓangare. Da dare ina cire kuben gaba ɗaya da bindigar a ciki, in ajiye shi daidai kaina tare da fitilar goshi, kullum a wuri ɗaya. Gumi da ƙura da ganyen bishiyar fir suna taruwa a cikin kuben, don haka kowace yamma nakan cire harsasai, in goge ta, in duba cikin bututun.

A Satumban 2022 muka koma tsaunukan Gravelly. A yini na huɗu, gab da faɗuwar rana, abokina ya harbi namijin elk daga mita talatin, ya faɗi a gefen wani fili mai ciyawa kusa da kurmi. Muka yi fiɗa da fitilar goshi, ɗaya yana yanka, ɗaya yana tsaye yana haska kewaye da feshi a hannu, muna musanyawa, jakunkunanmu da bakunanmu suna jingine can gefe, hannayenmu jina-jina har gwiwa. Muka zuba naman a buhunan yadi, muka kai su fiye da mita ɗari daga gawar, muka rataye abin da igiyarmu ta iya ɗagawa sama da mita uku a wata bishiya da ake hangowa daga nesa. Kowannenmu ya goyi kusan kilo 35 zuwa mota a daren, kuma a wannan gangaren na gode wa Allah da babu komai tsakanin ɗamarar jaka da ƙuguna.

Da hantsi muka dawo ɗaukar sauran, iska tana bayanmu da gangan, muna magana da ƙarfi. Daga kan wani tudu mai nisan kamar mita ɗari biyu muka tsaya muka sa madubi. An ja gawar daga inda muka bar ta zuwa bakin kurmi, an tula mata ƙasa da ciyawa, kuma buhu ɗaya da muka rataye ƙasa-ƙasa yana yashe a yage. Mun fi minti goma muna kallo kafin tulin ƙasar da ke gefen gawar ya ɗaga kai, ashe girizili ne, muka ga doron kafaɗarsa da faffaɗar fuskarsa. Ya miƙe ya shinshini iska wajenmu. Na tarar da hannun damana yana kan mariƙin bindigar, na hagu kuma ya riga ya cire marfin feshi, jakar tana bayana ban ko taɓa ɗamararta ba. Abokina ya ce a hankali, "Naman nasa ne yanzu." Muka ja da baya muna fuskantarsa har tudun ya shiga tsakaninmu, sannan muka juya, muka bar cinya biyu a rataye a bishiya.

A wurin mota na cire gidan harsashi, na fitar da na baki, na mayar da su 15 cikin kwalinsu. Sai da muka kusa garin Ennis waya ta samu layi, abokina ya kira ofishin hukumar namun daji ya ba su lambobin wurin daga na'urarsa ta gano wuri, jami'ar da ta amsa ta tambayi ko an yi harbi ko wani ya ji rauni, muka ce babu, ta ce kada mu koma wurin, za su sanar da sauran mafarautan da ke bin wannan hanya.